Injin Tarakta

"Buɗe bonet, ɗan'uwa," in ji alƙalin gasar.

Jin an ce shiga gasar baje kolin tsofaffin motoci ta garin Matanzas kyauta ne bana, shi ya sa Eulalio ya kawo motarsa Chevrolet da yake haya da ita. Amma injin tarakta ya dasa mata a maimakon na asali. Shi ke nan, yau za a kore shi a gaban jama'a.

Ya buɗe. Alƙali ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ja shi gefe.

"Tana da ƙarfi?"

"Kamar bijimi, maigida."

Alƙali ya nuna jar motarsa mai sheƙi da ake ta ɗauka hoto.

"To rufa min asiri, ka ja ni gida. Tawa ba inji, turo ta muka yi."