Shayi na Uku

Ranar Talata aka buɗe durowar biro, wato ofishin jam'iyyar Madogara da ke unguwar Dagmanet a Agadas, aka tarar babu hatimi. Saura mako biyar a aika wa Yamai jerin 'yan takarar majalisar birni, ga shi a Yamai ba a karanta takarda, ƙasanta kawai ake dubawa. In da hatimi, ko sunan jakinka ka rubuta ya wuce.

Masu katin jam'iyyar a duk faɗin Agadas su arba'in da uku ne, kuma tun kafuwarta kujera ɗaya tak take ci. Wanda sunansa ya zo farko a jerin shi ke hawa. Sauran sunayen ado ne.

Malam Mourtala ya ƙwallafa rai a kan kujerar nan. Tsohon malamin makaranta ne, jagoran 'Yan Tsantsa, waɗanda suka rantse ba za su haɗa kai da masu mulki ba sai arzikin ƙasa ya kai ga mai tallan ruwa. Kowa "kamarad" yake ce masa, har surukarsa. Sau uku yana zuwa na biyu a jerin, kuma ya gaji da zama ado.

Abokin karawarsa shi ne Alhaji Chaibou, mai manyan motocin hanyar Dirkou, jagoran 'Yan Tsaka-tsaki. Aƙidarsa ba ta da wuyar haddacewa: a zauna da kowa, musamman wanda ya ci zaɓe.

Rigimar ta shiga har cikin butar shayi, wanda ake dafawa a zuba sau uku. 'Yan Tsantsa, su ashirin da ɗaya, na fari kawai suke sha, mai ɗaci, wai sukari yaudarar 'yan jari-hujja ne. 'Yan Tsaka-tsaki, su ma ashirin da ɗaya, sai na biyu. Na uku mai zaƙi kuwa ba wanda ke yarda a gan shi da shi, don haka Maimuna sakatariya ke shanye shi a kusurwarta. Shekara goma sha tara tana buga musu takardu, ba wanda ya taɓa tambayarta komai sai inda ya manta tabarau ɗinsa.

Kwana biyu ana zargin juna da satar hatimi. A rana ta uku Maimuna ta tari Malam Mourtala a bakin ƙofa, ta rage murya.

"Malam, hatimin bai ɓata ba. Yana gidana cikin tukunyar gero. Na ji tsoron kada Alhaji ya yi ɓarna da shi."

Malam Mourtala ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Ashe talaka ya san nasa! Nan take ya tuna dokar jam'iyya: duk wanda aka kora da takarda mai hatimi, ba ya takara, ba ya jefa ƙuri'a.

Daga ranar ya tsiri ziyarar gidan Maimuna kowace safiya, da takardar kora ɗaya ko biyu a aljihu. Sharaɗinta ɗaya ne, ya zo kafin ƙarfe tara, domin bayan nan tana da baƙi. Ta buga hatimi, ta kai tasha da kanta, motar Yamai ta ɗauka. Ya kori Alhaji Chaibou bisa laifin cin amanar talaka. Ya kori direbobinsa bisa laifin bin Alhaji. Da laifuffuka suka ƙare masa, sai ya kori na ashirin da ɗaya bisa laifin yawan murmushi a taro.

Abu ɗaya ne ya dame shi. Alhaji Chaibou ya daina faɗa. Ya shiga gaishe shi da hannu biyu, yana dubansa da irin tausayin da ake yi wa ragon layya. Malam Mourtala ya ɗauki abin a matsayin sarewa, shi ma ya shiga tausaya masa. Biron ya yi lafiyar da bai taɓa yi ba, har Maimuna ta samu sukunin neman izinin wuni ɗaya, ta ci ado da sabon mayafi shuɗi ta tafi ɗaukar hoto. Ba wanda ya tambaye ta na mene ne.

Ranar yanke hukunci, Yamai ta turo wakili, wani siririn lauya mai suna Baha'uddeen, da jaka da wani dogon nadin takarda a hammata. Ya karanta sunayen korarru ashirin da ɗaya, Alhaji Chaibou a kan gaba. 'Yan Tsantsa suka ɓarke da tafi. Malam Mourtala ya miƙe zai fara jawabin da ya yi mako uku yana haddacewa.

"Dakata, Malam, ban gama ba," in ji wakilin.

Ya juya shafi, ya karanta wasu ashirin da ɗaya. Na farko Mourtala ne, laifinsa yawan ɗaci.

"Jabu ne!" Malam Mourtala ya daka tsawa. "Hatimi yana hannunmu!"

"Hannunku ina?" in ji Alhaji Chaibou. "Ni fa da idona nake ganin ana buga shi, kullum ƙarfe goma!"

Baha'uddeen ya ɗaga takardun biyu sama. Hatimi ɗaya ne, har da ɗan ɓallin da ke gefensa. Ya ce Yamai ta duba ƙasan kowace takarda, ba ta ga aibi ba, ta amince da korar duka, kuma tana yaba wa reshen Agadas da wannan tsabtace gida. Tunda doka ta ce sai mai kati ke takara, an riga an buga hoton wanda ya rage.

Ya warware nadin ya manna a bango. Mutum arba'in da biyu suka dubi shuɗin mayafin da ke jikin hoton, sannan suka juya kusurwa, inda mai kati na arba'in da uku ke kurɓar shayinta na uku a natse.