Hatimin Izini

Da darakta ya ce a tsaya, kowa ya tafa, amma ba a buɗe mana ƙofar kamyon, babbar motar da aka zuba mu ciki, ba.

Turawa ne suka zo Sabha ɗaukar fim kan 'yan ci-rani. Tafintansu ɗan garinmu ne. Shi ke nema musu izini, shi ya kwaso mu daga wurin gini a unguwar Mahdiya don mu fito a matsayin kamammu. Masu kakin da za su kama mu a fim ɗin da motarsu na gaske ne, aro aka yi. Tafintan ya rubuta sunayenmu, ya ɗauki hotunanmu, ya ce mini:

"Ƙa'ida ce kawai, ƙanena. Masu kaki ba sa buga hatimi sai sun san kowa."

Sau huɗu muka hau, sau uku muka sauka. Darakta ya ce tsoronmu bai yi kama da na gaske ba.

Sai injin ya tashi. Na leƙa ta wata kafa, na ga babban mai kaki yana miƙa wa tafinta takardar izinin da hatimi a kai. Ashe mu ne kuɗin hatimin. Na ƙwala wa tafinta kira:

"Yaya! Ai an gama!"

Bai waigo ba. Muka yi ta dukan ƙofa muna ihu. Darakta ya ɗago kai, fuskarsa ta washe. Ya yi wa mai kyamara alama ya ci gaba.