Usur ɗin Inna

A unguwarmu ta Konni, 'yan sintiri sun raba wa kowane gida usur, in ɓarawo ya shigo a busa, maƙwabta su fito. Wata Juma'a, maza duk suna masallaci, mutum biyu sunka zo bisa babur, sunka shigo sunka ɗauke keken ɗinkin Inna, wanda da shi muke ci tun rasuwar Baba. Ta bi babur ɗinsu ba takalmi, tana busawa, ina biye da ita. Mata sunka leƙo, amma wa zai kamo babur da ƙafa? Ta durƙusa cikin rairai, ta tura mini usur ɗin a baki.

"Busa, ɗiyata, numfashina ya ƙare."

Na yi ta busawa har anka taso daga masallaci. Har yau in na ji usur, gishirin hawayenta nake ji a harshena.