Dalma a Murhun Amarya

Ranar da Mainasara ya ci gasar maharban Anka, inda ake cilla tsingaro sama a harbe, ya kai budurwarsa Mardiyya ta ga gidan aurensu. A kan sabon murhu ta tarar da gwangwanin da yake narka dalmar harsashi a ciki.

"A nan zan dafa wa 'ya'yanmu tuwo?"

"Haba Mardiyya, 'yar kaɗan ce."

"Kaɗan? Ni 'yar ƙauyen Dareta kake gaya wa kaɗan? Ƙannena biyu gubar dalma ta kai kabari!"

Ya sunkuyar da kai. Ta jira ya yi jifa da gwangwanin, sai ta ga ya ɓoye shi a bayansa.

Ta gyara mayafinta.

"To, tunda dalma ka zaɓa, ita ce amaryarka. Allah ya ba ku zaman lafiya."