Lambar Yabo a Wuyan Rago

Na ɗauke lambar yabon ɗana na rataya wa ragon gidanmu.

Ɗan nawa soja ne. An ba shi ita ne saboda aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje. Amma tun da ya dawo, kullum sai sun yi faɗa da ƙaninsa a kan cajar waya. Na yi magana, ba su ji ba.

Rannan suna cikin kokawa a tsakar gida, rago ya tsinke igiya. Ya tunkuyi babba, ya tunkuyi ƙarami. Suka ruga ɗaki ɗaya, suka haɗa kafaɗa suka danne ƙofa. Ban sake jin hayaniya ba. Wanda ya yi aiki shi na ba lamba.

Yau da safe sojan ya durƙusa gabana cikin kaki.

"Baba, akwai fareti. In na je babu ita, horo zan sha."

"Ka ce ka tsaya tsakanin runduna biyu?"

"Na tsaya, Baba."

"To, ga turke can. Je ka ciro abarka."

Ya dubi rago, rago ya dube shi.

"Baba, gara horon. Ba zan je ba."