Baduku Da Hedifon Mai Ƙyalli

Kai da kake shirin shiga kasuwa sayen hedifon, wai ka riƙa jin kiɗan mutanen da, dakata in buga maka misali, ko ka dawo da kunnuwanka lafiya.

An yi wani baduku, ɗan wani makaɗin goge. Bai gaji kiɗa ba, dukanci ya koya a gidan kawunsa. Da uban ya rasu, abin da ya bari kaset ɗaya ne tal, shi ma da ƙyar aka juye shi a memori kafin rikoda ta cinye zaren. A tsakiyar kiɗan nan akwai inda tsohon ya sassauta hannu, ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Tabawa, miƙo ruwa." Tabawa ita ce uwar badukun. Ga shi tsufa ya fara toshe mata kunne, sautin waya ba ya isar ta, kullum burinta ta sake jin wannan kiran kafin kunnen ya rufe gaba ɗaya. Sai aka ba baduku shawara ya sayo irin hedifon ɗin nan mai rufe kunne ruf, kamar an kifa wa mutum ƙananan akusa biyu, aka ce akwai masu sauƙin kuɗi. Ya saɓa babbar riga ya nufi kasuwa, memorin kuwa ya bar shi a gida ƙarƙashin matashi, wai kada ya ɓata.

Mai shago ya fara miƙo masa wani baƙi, siriri, mai igiya, ya ce wannan shi ne na masu son jin tsirkiya da murya. Baduku ya karɓa, ya yi masa abin da yake yi wa fata in an kawo ta daga majema: ya ja, ya murza, ya shinshina, ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya ce wannan ai ko nauyin ɗan tsako bai kai ba, uwarsa ba za ta sa abin marayu a ka ba. Can ya hango wani ja, jibgege, mai fitilu suna ƙyafta ido kamar motar amarya. Aka ɗora masa a kan hula, aka sako masa kiɗan samarin zamani, ga janareta na ruri a bakin ƙofa. Dum! Dum! Ya ji haƙoransa na rawa, har cikinsa ya amsa. Ya ce to, abin da ya girgiza ƙato irina, ai kurma ma sai ya ji. Ya biya, har da ƙari a kan na farkon, ya fito yana taƙama.

A gida ya tara jama'a kamar ana suna. Aka zaunar da tsohuwa a tabarma, aka gyara mata ɗankwali, aka kifa mata abin, aka kunna kiɗan memorin, fitilu na wal-wal a kumatunta. Ko minti ba a yi ba ta fizge shi ta yar, tana salati. Ta ce wa ya shigo da turmi cikin kanta, wane marar tsoron Allah ne ya daka mata maigidanta Malam? Baduku ya ɗauka ya sa. Babu goge, babu murya, ƙwarya kawai ake duka kamar ana rushe katanga. Ya kai wurin dariyar nan, ya mayar, ya sake mayarwa. Wayam. Sai ya tuna kaset ya riga ya mutu, wannan juyen shi kaɗai ya rage a duniya. Ya zauna daɓas a ƙasa, baki buɗe, ya tabbata mai juyen ya goge masa uba. Ƙato da gemu, ya rasa ko kuka zai yi ko ya nemo sanda.

Hayaniyar ce ta jawo maƙwabcinsu, wani tsoho mai gyaran rediyo. Da ya ji bayani, sai ya koma ya ɗauko nasa hedifon. Baduku na gani ya gane shi: irin baƙin nan ne da ya raina, har ma wannan ya fi shan wuya, an ɗaure igiyarsa da salatif, soson kunne ɗaya ya zube an cusa tsumma. Tsohon ya ce a kori awaki, kowa ya kama bakinsa. Ya sa wa Tabawa, ya ƙara sauti kaɗan.

Yatsunta suka soma bin tsirkiya a kan gwiwa. Can sai aka ga ta zabura, ta gyara zama, ta ce, "Na'am, Malam." Ta miƙa hannu ta ɗauki moɗa a bakin randa, sannan ta tsaya da ita a hannu, ta rasa wanda za ta ba.

Mai gyaran rediyo ya dubi jan hedifon da ke yashe a ƙasa, har lokacin yana ta ƙyafta fitilunsa, ya ce wa baduku ya kai wa masu injin niƙa, wataƙila su yi kishiyar inji da shi. Ya ƙara da cewa gobe in zai koma kasuwa, ya bar hancinsa da tafin hannunsa a gida, ya tafi da kunne da kuma kiɗan da zai ji.

To, ka ji. Dama Hausawa sun gama magana tun kafin a haifi mai shago: ba girin-girin ba, ta yi mai.