Gumin Wendell Bai Shiga Lissafi Ba

Tun da aka rufe masana'antar gilashin da yake aiki a birnin Toledo, Wendell Boyd ya koma kai wa mutane cefane gida. Da waya ta yi ƙara sai ya shiga kanti ya tsinto madara da ƙwai da abincin kare, ya loda a tsohuwar motarsa, ya kai har bakin ƙofa. Tsofaffin unguwa na ji da shi, domin ko bene hawa uku ne sai ya hau musu da kayansu.

Abu ɗaya ya yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne haraji. A masana'anta tun kafin albashi ya iso hannunsa an cire. A wannan aikin kuwa kamfanin da ke turo masa ciniki ba ya cire ko sisi, don a wurinsu mai zaman kansa ne. Shi zai bayyana abin da ya samu, shi zai biya.

Duk watan Afrilu sai matarsa Loretta ta yi magana.

"Wendell, kowa na fama da takardun haraji, kai ka miƙe ƙafa kana kallon ƙwallo."

"Haba Loretta! Mota tawa, mai nawa, bayan da ke ciwo ma nawa. Ranar da gwamnati ta kama mini jaka ɗaya, sai mu raba."

"Kai dai bakinka ba ya mutuwa."

Sai ya yi dariya ya ƙara sautin talabijin. A haka aka kwashe kusan shekara goma.

Wata safiya cikin hunturu ya rungumo katan biyu na ruwa zai hau matakalar wani gida, ƙanƙara ta kwashe masa ƙafa, ya faɗo ta baya. Likitoci suka ce lakarsa ta taɓu, shi da tafiya har abada.

Da aka sallame shi daga asibiti, Loretta ta tura shi a keken guragu zuwa ofishin da ke biyan ma'aikatan da suka nakasa. Ma'aikaciyar ta daɗe tana duban kwamfuta kafin ta ɗago.

"Mista Boyd, aikinka na ƙarshe da nake gani a nan na masana'anta ne."

"Ni da kullum ina kan titi, har Lahadi?"

"Na yarda da kai. Amma wannan kuɗin daga harajin masu aiki yake fitowa. Sai wanda ya zuba na shekara biyar cikin goman ƙarshe."

"To zan biya yanzu. Mu sayar da motar."

"Biya kam dole ne, bashi ne a wuyanka. Sai dai shekara uku kawai ake iya komawa baya a saka wa mutum a lissafi. Ba za su kai ka ba."

Wendell ya sunkuyar da kai, yana jiran matarsa ta yi masa gori. Bargon da ke cinyarsa kawai ta gyara masa, ta juya keken. Rashin gorin nan ya fi masa zagi ciwo.

Ɗan tallafin marasa galihu da suka samu bai riƙe musu haya ba. Suka tattara suka koma garejin da 'yarsu ta gyara musu. Loretta, da shekara sittin a duniya, ta kama aikin share ɗakuna a otal.

Kullum da yamma takan dawo ƙafafu a kumbure, ta zauna bakin gado tana cire takalmi da ƙyar. Yana kwance yana kallo, ko ruwan ɗumi ba ya iya tashi ya kawo mata.

"Loretta, ni na jawo miki wannan."

"Sha maganinka," ta ce, ba tare da ta dube shi ba.

Mai karatu, in kana aikin kanka, babu mai cire maka haraji sai kai. Ware shi tun kuɗin na hannunka, ka bayyana samunka a kan lokaci, domin ranar da ƙarfi ya ƙare, iyalinka ne za su biya sakacinka.